Injiniya Jatau Morai da Ranar da Magana ta Riga Ruwa

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta fita Talata Mafara ta nufi Morai da hantsi ya san wani dattijo fari, dogo, mai ɗan ranƙwafawa, da ke tafe bisa tsohon keke da fartanya ɗaure a baya. In ya idar da sallar asuba ba ya komawa barci. Yakan zauna ƙofar gida ya sha kunun da mai ɗakinsa Hajiya Rukayya ta dama, ya saurari labaran safe, sannan ya hau keke ya nufi gonarsa ta shinkafa a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani. Tafiyar ba nisa, amma sai rana ta ɗaga yake isa, domin shi mutum ne da ba ya gajarta gaisuwa. Sai ya tambayi mai gida, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi ƙafar da ta yi ciwo bara. Ran Talata kuwa ba ya zuwa gona. Kasuwa yake shiga, ya sami benci a rumfar masu gyaran waya ya zauna, su riƙa miƙo masa abin da ya gagare su yana dubawa da tabarau a ƙarshen hanci. Baƙin da ke zuwa sayen albasa sukan ɗauka wani manomi ne ya zo a yi masa cajin waya.

Sunansa Injiniya Jatau Barau Morai. Watan jiya ya miƙa makullan cibiyar koyon aikin sadarwa da ya kafa a Mafara ga waɗanda ya koyar, ya ce ido ya gaji, su ci gaba. Ba a kafa rumfa ba, ba a kira mai ɗaukar hoto ba. An sha shayi an yi addu'a an watse. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni sunana Zubairu Nasidi, mutumin Bakura, tsohon malamin gona. Na yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shi tun ana ginin madatsar ruwa ta Bakolori, kuma abin da zan faɗa, mafi yawansa da idona na gani, sauran daga bakin waɗanda aka yi a gabansu na ji.

Jatau ɗan manomi ne. Mahaifinsa, Malam Barau, ya sa shi boko lokacin da mutanen Morai ke ɓoye 'ya'yansu cikin rumbu in sun ji an zo ɗaukar 'yan makaranta. Ya yi Sakkwato, ya wuce Kaduna ya karanci aikin injiniyan sadarwa, irin wadda ba ta bukatar igiyar waya. Yana gamawa aka yi masa tayin aiki a Ikko. Sai ya ji ana neman wanda zai shugabanci sashen oba-oba na aikin dam, ya tattara ya dawo gida.

Gidan da ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba. Katafila ta bi ta kan gonar mahaifinsa ta baje ta don a fitar da kanal, damina ta zo ta wuce ba a shuka komai ba, wata ta sake zuwa haka. Ta wajen Maradun ruwa ya fara cin tsofaffin garuruwa da kaburburan kakanni. Zukata sun yi zafi, kuma duk wanda ya sa kakin aikin dam, ko ɗan gari ne, kallon bare ake yi masa. A masallacin Morai akwai waɗanda suka daina ba Jatau hannu. "Yaron dam" suke ce masa. Bai taɓa mayar wa kowa magana ba.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi ba mai wuya ba ne a wurinsa. So ake masu kula da ƙofofin dam su riƙa magana da babban ofis na Mafara da motocin injiniyoyi. Ga wanda bai riski zamanin ba, oba-oba akwati ne mai eriya da abin magana: ka danna maɓalli ka faɗi abin da za ka faɗa, ka ce "oba", ka saki, sannan na can ya amsa. Kafin lokacin kaka, ya gama haɗa wannan duka, manya suka yaba, da wani ne da ya miƙe ƙafa yana jiran ƙarin girma.

Abin da ya hana shi zama ya faru ne a gabana. Wata rana na ɗauke shi zuwa fadamar Birnin Tudu, can ƙasan gulbi, don ya ga inda nake aiki. Muka tarar da mutane cirko-cirko a bakin ruwa. Ashe an ɗan saki ruwa daga dam, an kuma aiko mota ta sanar, motar ta kafe a laka, ruwan ya riga ta isowa. Ya kwashe wankin mata, ya tafi da maraƙi guda na wani ardon Fulani da ake kira Bappa Jibo. Ba a rasa rai ba. Bappa na tsaye ya dogara da sandarsa, ya dubi kakin Jatau sama da ƙasa, ya ce:

"Yaro, da can gulbin ga yana sallama. In munka ga hadari ya haɗu gabas, mun san jibi ruwa na tahe, mu janye bisashe. Yanzu sama garau, rana tsaka, sai ruwa ya taho kamar ɓarawo. Yau maraƙi ne. Gobe wa?"

Ni da Jatau muka shiga mota muka juyo. Mun kusa Mafara sannan ya ce mini, "Zubairu, na haɗa ofis da ofis, na bar mutanen da ruwan ke zuwa wurinsu."

Washegari ya shiga wurin shugaban aikin, mutum mai sauraro amma mai taka-tsantsan. Ya ce yana so a sa akwati a kowane gari da ke bakin gulbi, tun daga Dosara har Bakura da Birnin Tudu.

"Kayan da aka kawo na ofisoshi ne," in ji shugaban. "Kuma kai da bakinka ka ce muryar dam ba ta wuce Mafara, tudu ya tare ta."

"Haka ne, ranka ya daɗe. A ba ni tsofaffin da magina suka gama da su, a haɗa da na motata da na teburina. Tudun kuma ni na san yadda zan yi da shi."

Shugaban ya ce, "Ranar da na ji muryar mutumin Birnin Tudu daga kan kujerar nan, na yarda da duk abin da ka kawo."

Dabararsa ita ce a kafa turken ƙarfe a ƙololuwar Dutsen Shaho, bayan Morai, a ɗora masa na'urar da ke karɓar magana daga wannan ɓangare ta ƙara mata ƙarfi ta jefa ta wancan. Ma'aikatansa suka laƙa mata suna Sanƙira, tun da aikinta ke nan, a faɗa mata ta maimaita da ƙarfi. Babu wuta a kan dutsen, babu hanyar mota. Jatau ya tara masu walda na Mafara, da makanikai, da masu jakuna na Morai da za su riƙa hawa da batiran manyan motoci suna saukowa da waɗanda suka mutu. Turken farko iska ta kayar da shi tun ba a gama ɗaure shi ba. Na biyu ya tsaya, amma abin da ke fita Bakura sai ƙara kamar ana soya gyaɗa. A nan na fara gane irin shugaban da yake. Ba ya tsawa. In abu ya lalace sai ya zaunar da kowa a inuwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, "Kai me ka gani? Kai fa?" Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗauki sifana ya riga kowa hawa. A karo na uku murya ta fita tas.

Sai dai ƙarfe ya fi mutane saurin lanƙwasuwa. Ranar da muka kai akwatin Birnin Tudu, dattawa na zaune ƙarƙashin tsamiya, babbansu Malam Ɗantani, wanda shi ma rabin gonarsa ta shiga aikin. Muka durƙusa.

"Barkanku da hutawa, Baba."

"Barka kadai. Kun zo lahiya?"

"Lafiya lau. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ya mutan Mafara? Ya Malam Barau da jiki?"

"Da sauƙi, yana gaishe ku. Ina ruwa?"

"Ruwa sun yi gyara. To, madalla."

Da Jatau ya gama bayani, Malam Ɗantani ya daɗe yana kallon akwatin. Ya ce, "Ɗan Barau, kun auna gonakinmu munka yi shiru. Kun baje su munka yi shiru. Yanzu kuma kunne za ku dasa muna cikin gari, duk abin da munka ce a ji shi Mafara?"

Jatau ya kwance bayan akwatin a gabansu, ya nuna musu cikinsa. Ya sa Malam Ɗantani ya riƙe abin maganar da hannunsa, ya nuna masa cewa in ba a danna ba, ko ihu aka yi ba mai ji. Sannan ya ce, "Baba, ga alkawari gaban Allah da gabanku. Akwatin nan aikinsa biyu ne, ruwa da rai. In ruwa na tafe a faɗa muku, in wani ba lafiya ku faɗa mana. Ba zai taɓa ɗaukar maganarku ya kai wa kowa ba muddin ina numfashi. Ku za ku zaɓi mai riƙe shi, ba mu ba."

Bai jira amsa ba, ya danna ya kira Dosara, inda ya riga ya ajiye wani akwatin. Ya riga ya san cewa 'yar Malam Ɗantani, Husaina, can take aure, kuma tun da ruwa ya raba hanya ba su ga juna ba. Ya kuma aika tun jiya a kira ta kusa da akwatin can. Sai ga muryar mace ta cika gindin tsamiya: "Baba? Baba, kana jina? Husaina ce. Na haihu, Baba, namiji!"

Tsohon ya zabura har hularsa ta faɗi. Ya riƙa amsawa bai danna ba, Jatau ya kama yatsansa ya danna masa. Da aka gama ya share ido da bakin rawani, ya ce, "Mun karɓa. Amma ka sani amana ce." Suka zaɓi Malama Taiba, mai kula da ɗakin shan magani, don ita kullum tana nan kuma ba ta da kwasar magana. A yammacin nan muryarta ta shiga ofishin shugaban aikin tana gaishe shi, shi kuma ya cika alkawarinsa.

Haka Jatau ya bi garuruwan ɗaya ɗaya. Kowane gari da mai riƙe akwati, da mai ganga da aka koya wa kiɗa na musamman wanda ke nufin a bar fadama. Bappa Jibo aka ba shi ƙarami na hannu saboda rugage. Kowace safiya Malami, ma'aikacin da ke zaune a ɗakin oba-oba na dam, zai bi su da gaisuwa don a tabbatar kowa na ji: dam na gaida Dosara, dam na gaida Bakura, dam na gaida Birnin Tudu. Har yara suka mayar da ita waƙar wasa.

Sai aka shiga shekarar da rikicin gonaki ya yi tsanani. Manoma suka fara taruwa suna tare hanyoyin aikin. Ina ofishin Jatau wata rana wani babba da aka turo daga nesa ya shigo, ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma ɗan ƙasar nan ba ne. Ya ce tun da akwai akwati a kowane gari, yana so masu riƙe da su su riƙa ba da rahoton wanda ya kira taro da wanda ya halarta.

Jatau ya miƙe tsaye don girmamawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai yiwu ba."

"Ba shawara na zo nema ba."

"Na sani. Amma na yi wa dattawa rantsuwa. In aka yi haka sau ɗaya, ranar da na ce musu ruwa na tafe ba wanda zai tashi, kuma gawarwakinsu a wuyana za su kasance. Kana da ikon cire ni. Wannan kam ba da hannuna ba."

Aka kuwa cire shi. Aka sauke shi daga shugabancin sashen, aka ce ya koma lura da batiran Dutsen Shaho, aikin da leburori ke yi. Wanda aka ɗora a madadinsa ɗalibinsa ne, shi ma da aka matsa masa sai ya ce masu akwatunan ba sa amsa irin wannan tambaya, kuma gaskiya ya faɗa, don Malama Taiba cewa ta yi ita allura ta sani. Abin da ya biyo baya a wannan shekara, na asarar rayuka, ba zan tone shi a nan ba. Waɗanda suka gani sun sani. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Abin da zan faɗa kawai shi ne, labarin abin da Jatau ya yi ya zaga garuruwa, kuma a duk tsawon fushin nan ba wanda ya jefi turken Dutsen Shaho ko da tsakuwa.

Bayan wannan, tsakanin mutane da duk wani abu na hukuma sai kallon nesa. A haka wata damina mai nauyi ta same mu. Aka jera kwanaki ana sheƙa ruwa ta gabas, tafkin ya cika ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Da safe injiniyoyin dam suka ga ba makawa sai an buɗe ƙofofi sosai a ranar, in ba haka ba abin da zai faru ya fi buɗewar muni. Malami ya danna ya kira garuruwan ƙasa, shiru. Ashe tsawar jiya ta faɗa wa Sanƙira ta ƙone ta. Hanyar Bakura kuma ruwa ya yanke ta. Ga shi lokacin cire ciyawar shinkafa ne, fadama cike take da maza da mata, shanun Bappa Jibo kuma suna kan tsibirin da ke tsakiyar gulbi.

Saƙon ya sami Jatau a Morai. Ya tambayi Malami har yaushe za a iya riƙe ruwan, aka ce iyaka zuwa azahar. Ya ɗauki akwati biyu, ya kira masu jakuna. Dutsen ya yi santsi, jakunan suka ƙi hawa. Mutanen Morai, har da waɗanda a da ba sa ba shi hannu a masallaci, suka yi gammo suka ɗauki batiran a ka. Da suka kai sama ya buɗe na'urar, ya ga cikinta ya zama gawayi, ba abin da za a gyara a ranar. Sai ya hau turken ya ɗaura eriya biyu, ɗaya ta dubi Maradun ɗaya ta dubi Bakura, ya sauko ya riƙe abin magana ɗaya a dama ɗaya a hagu. Hadari bai gama wucewa ba, ana ta rugugi, shi kuma yana tsaye gindin ƙarfe a wuri mafi tsawo a yankin, inda tsawa ta faɗa jiya. Ya ce wa masu batir su sauka su fake. Biyu suka ƙi, suka tsaya suna riƙe masa tabarma a ka.

Ni ina Birnin Tudu a ranar, na fake a ɗakin shan magani. Akwatin da ya yi shiru tun jiya sai ya yi tari, murya ta fito: "Birnin Tudu, Birnin Tudu, Jatau ne daga kan dutse. Malama Taiba, a buga ganga. Babban ruwa na tafe bayan azahar. Kowa ya bar fadama. Oba."

Taiba ta fita da gudu ba ko mayafi sosai. Amma kafin mai ganga ya ɗauko gangarsa, wasu magidanta suka tare shi. Suka ce dabara ce, so ake a fitar da su daga fadama a zo a kafa turaku a ce ta zama ta hukuma. Ba zan zarge su ba, abin da suka gani ya isa ya sa mutum ya ƙi yarda da inuwarsa. Gardama ta kaure, rana na tafiya. Sai ga Malam Ɗantani ana riƙe da hannunsa. Ya shiga ɗakin, ya karɓi abin maganar, wannan karon shi ya danna da kansa.

"Wa ke magana?"

"Ni ne, Baba. Ɗan Barau."

"An ce sun cire ka."

"Sun cire ni, Baba. Ruwan bai san haka ba. Ka fitar mini da mutane."

Tsohon ya ajiye, ya fito ƙofa, ya dubi magidantan. Ya ce, "Wanga yaro ya zaɓi a sauke shi da ya ci amanarmu. In shi ya ce ruwa, to ruwa ne. Buga!"

Ganga ta tashi. Ta Bakura ta amsa, ta ƙauyukan tsakani suka ɗauka. Na hau tudu na ga fadama ta motsa gaba ɗaya, mata da goyo, maza da fartanya a kafaɗa, tsofaffi bisa jakuna, ana ta kwararowa sama kamar an tashi daga idi.

Na koma ɗakin shan magani, saura shanu. Bappa Jibo ya kira ta ƙaramin akwatinsa ya ce garken ya fara hayewa amma gulbi ya riga ya ƙaru, 'yan maruƙa sai an ɗauke su, kuma matasansa na cikin ruwa har ƙirji. Azahar ta yi. Muna jin Jatau yana juyawa daga wannan hannu zuwa wancan, ya ji na Bappa ya faɗa wa dam, ya ji na dam ya faɗa wa Bappa. Malami ya ce babban injiniya ya ce ba za a iya ƙara jira ba. Jatau ya ce, "Gaya masa akwai mutane tsakiyar gulbi, ina jin muryarsu. Ba na ce kada ya buɗe ba. Ya fara da kaɗan, ya ba ni gwargwadon abin da ginin zai iya ɗauka, ni kuma zan gaya masa da zarar sun fita." Aka kai wa injiniyan saƙon. Sannan Malami ya dawo ya ce injiniyan ya yarda, zai buɗe sannu sannu, amma shi ma ransa a hannu yake. Wannan bawan Allah shi ma ya cancanci addu'a.

Muryar Jatau ta fara dishewa. Yana ta cewa, "Bappa, saura nawa? Bappa, yi magana." Mu a ɗakin ba mai motsi. Can sai muka ji haki, da kukan shanu, da muryar ardon: "Mun haye! Ɗan Barau, mun haye duka! Jakai biyu sunka ƙi, mun bar su da Allah!"

"Dam, dam," in ji Jatau, "gulbi ba kowa. Ku buɗe."

Kafin la'asar sakaliya ruwan ya iso. Na ga gulbi da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ja wur, da itatuwa a kansa, ya shafe tsibirin, ya shafe fadamar da ɗazu take cike da mutane, har rassan giginya na ƙasa ya taɓa. An yi asarar shinkafa mai yawa, wasu rumbuna na bakin gari sun tafi, jakunan nan biyu ba a sake ganinsu ba. Masu unguwanni suka bi gida gida suna kiran sunaye. Birnin Tudu kowa na nan. Bakura ta kira ta ce kowa na nan. Rugage suka ce kowa na nan. Taiba ta danna tana kuka tana dariya ta faɗa masa. Abin da ya iya fitarwa kawai, da murya kamar ta mai mura, shi ne, "Alhamdu lillahi." Matan da ke ƙofar ɗakin shan maganin suka rangaɗa guɗa, ta bi gari har ƙarshensa.

Kai ne, Jatau, ka tsaya gindin ƙarfe ƙarƙashin tsawa don waɗanda suka kira ka bare. Kai ne aka sauke daga kujera ka ɗauki batir ba ka ɓata fuska ba. Gagara-gasa na Barau, turken da iska ta gwada ta bari.

Ba a yi wata guda ba aka mayar da shi kan muƙaminsa, aka kuma ƙara masa da dukan sadarwar aikin. Bai tsaya nan ba. Ya kai akwatuna ɗakunan shan magani na ƙauyuka, ta yadda in haihuwa ta zo da gardama a kira motar asibiti tun da sauran lokaci. Malama Taiba, wadda yanzu ta tsufa tana Bakura wurin 'ya'yanta, ta ce mini ta daina ƙirga matan da akwatin nan ya yi sanadin tsirarsu. Da zamanin wayar hannu ya zo, wani babban kamfani ya neme shi ya shugabanci injiniyoyinsa na wannan yanki duka. Ɗaruruwa suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Waɗanda suka zauna taro da shi sun ce duk lokacin da aka shimfiɗa taswira ana zaɓen manyan birane, sai ya sa yatsa a kan wani ƙauye ya ce, "Nan fa? Su ma suna da wanda suke so su kira." Da yawa daga turakun da kuke gani tsakanin Maradun da Bakura, gardamarsa ce ta kafa su. An so ya koma babban ofis can kudu da gida da mota, ya ce a ba wani. Da ya bar kamfanin ya buɗe cibiyar nan ta Mafara, inda 'ya'yan manoma da 'ya'yan makiyaya, maza da mata, suka koyi hawa turke da haɗa na'ura. Yau wasunsu ke shugabantar wasu a garuruwan da shi bai taɓa zuwa ba. Ɗaya daga cikinsu jikar Bappa Jibo ce.

Na gode maka, abokina, a madadin Bakura da Birnin Tudu da Dosara da duk rugar da ke bakin gulbin nan. Na gode wa Hajiya Rukayya da ta yi haƙuri da mijin da rabin rayuwarsa a saman ƙarfe ya yi ta. Ku kuma 'ya'yanmu da kuka yi karatu mai zurfi, ba na ce kowa ya dawo gida ba, arziki inda Allah ya ajiye shi. Amma duk inda kuke, in an ba ku aiki ku duba wa aka manta a ciki, in kuma kun yi wa talaka alkawari ku riƙe shi ko da kujerarku za ta tafi.

Mu mutane ne da muka iya yabon mamaci. Sai an binne mutum mu taru mu ce ai ba a yi kamarsa ba, alhali ba ya ji. To wannan yana da rai, kunnensa garau, ƙofarsa a buɗe. In kakarka ko kakanka na cikin waɗanda suka hau tudu a ranar nan, kada ka jira sai an yi shelar jana'iza. Tashi ka je Mafara ka durƙusa ka gaya masa ko kai jikan wane ne. Allah ya ja kwananka, Injiniya, ya sa ƙarshe ya fi farko kyau.